Baƙo Ne Ke Wargaza Tarayya Ko 'Ya'yanta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Daura. Kwanan baya musu ya kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani abokinmu ya ce Turawa ne suka wargaza Yugoslabiya da gangan, kuma irin tarkon da suka ɗana wa Najeriya ke nan. Wani ya ce sam, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mutanen ƙasar ne suka kashe kansu. Don Allah a warware mana: ta wace hanya ƙasashen waje ke sa hannu har tarayya mai ƙabilu da yawa ta watse da jini? Mu kuma, ya kamata mu ji tsoro?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira, a gaida 'yan majalisa. In na fahimce ka, kana son sanin wa ya fi ɗaukar alhaki idan ƙasa irin tamu ta tarwatse, na ciki ko na waje, da kuma kafar da na wajen ke bi ya shigo. Abokan naka kowa ya riƙo wani gefe na gaskiya. Sai dai karin maganar ƙadangare ba ta ɗauke zancen duka ba, domin ƙadangare in ya shiga tsaga kwanciyarsa kawai yake yi. Ƙasar waje kuwa takan sa wa mai gida rai cewa ba sai ya wahala da yaɓe ba, in bangon ya faɗi akwai mai gina masa sabo.

Na fi shekara 20 ina koyar da tarihin siyasar duniya a nan Katsina, kuma inda na tsaya shi ne: ba kasafai baƙo ke ƙirƙiro gaba tsakanin ƙabilu ba, lissafin shugabanni yake sauyawa. Shugaban da ya san ba mai kawo masa ɗauki, ko yana so ko ba ya so zai zauna a yi ciniki, a rage nan a ƙara can. Wanda aka raɗa wa a kunne cewa ana bayansa, shi ne ke naɗe tabarmarsa ya bar wurin sulhu. Nakan gwada wa ɗalibaina abin a aji. In raba su gida uku a matsayin yankunan ƙasa ɗaya, in ba su kuɗin shiga na takarda su raba cikin rabin awa, da sharaɗin in sun kasa kowa ya tashi a tutar babu. Galibi sukan daidaita. Sai mu sake, amma wannan karon in miƙa wa shugaban gida ɗaya 'yar takarda a ɓoye, mai cewa in zaman ya watse wata ƙasa za ta biya shi rabonsa har da ƙari. Ban taɓa ko sisi a kan tebur ba, ban zuga kowa ba. Amma da wuya zaman ya kai ƙarshe, kuma yaron da ya watsa shi yakan rantse cewa sauran ne suka ƙi adalci.

Abin da ya riƙe Yugoslabiya

Tarayya ce ta jamhuriya shida: Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya, Masedoniya da Montenegro, sai larduna biyu masu ƙwarya-ƙwaryar 'yanci a cikin Sabiya, wato Kosobo da Boibodina. Jama'arta sun kai miliyan 23. Sabiyawa Kiristoci ne 'yan Otodoks, Kuroshiyawa da Sulobeniyawa 'yan Katolika, ga Musulmin Bosniya, ga Albaniyawan Kosobo da mafi yawansu Musulmi ne. Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya harshe ɗaya suke yi, suna auratayya, musamman a birni irin Sarayebo. Amma akwai tsohon miki. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1941, an kafa gwamnatin 'yan amshin shata ta Ustasha a Kuroshiya, wadda ta yi wa Sabiyawa da Yahudawa kisan gilla a sansanoni irin Jasenovac. Mayaƙan Sabiyawa na Chetnik su ma suka karkashe Musulmi da Kuroshiyawa.

Shugaba Tito ya riƙe ƙasar tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu har mutuwarsa ranar 4 ga Mayu 1980. Ya riƙe ta da jam'iyya ɗaya da soja ɗaya da kwarjininsa, amma akwai abu na huɗu: duniya na bukatarta. Tun da ya ɓata da Stalin a 1948, ƙasashen Yamma suka ga riba a ce ga ƙasar gurguzu da ba ta bin Mosko, aka yi ta ba ta tallafi da rance. Tsoron Sobiyet kuma ya sa ƙabilun cikinta suna ganin gara zama tare. Da katangar Balin ta faɗi a Nuwamba 1989 sai wannan daraja ta tafi. Hanya ta farko ke nan da waje ke tasiri, ba a cika lura da ita ba saboda ba ta da ƙara: janye hannu daga ƙasar da ta saba jingina.

Kafin nan ma bashi ya riga ya yi aikinsa. A farkon shekarun 1980 ana bin ƙasar kimanin dala biliyan 20. Asusun IMF ya gindaya sharuɗɗan da ka sani, tunda mu ma mun sha namu a zamanin SAP daga 1986: tsuke bakin aljihu, karya darajar kuɗi, janye tallafi. A 1989 hauhawar farashi ta haura kashi 1,000 cikin 100. Sulobeniya, wadda ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba amma tana samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasa, ta fara tambayar don me za ta ci gaba da ciyar da Kosobo da Masedoniya. Na kudu su kuma suna ganin na arewa sun yi arziki ne da kasuwarsu da guminsu. Duk wanda ya taɓa jin ana gardamar rabon arzikin ƙasa a Abuja ya san wannan murya. Ban yarda cewa masu ba da rance sun zauna sun tsara rusa ƙasar ba. Kuɗinsu suke so a biya, ba ruwansu da abin da biyan zai karya, kuma wannan rashin kulawar ya isa ya yi ɓarna.

Daga nan maganar abokinka na biyu ke ƙarfi. Ba Bature ba ne ya tura Slobodan Milosevic, jagoran jam'iyya mai mulki a Sabiya, zuwa Kosobo a Afrilu 1987 ya tsaya wa Sabiyawan can, har ya gane cewa kishin ƙabila tsani ne na hawa mulki. Shi da kansa ya soke 'yancin Kosobo a 1989, ya tara ɗimbin jama'a ranar 28 ga Yuni na shekarar don tuna cika shekara 600 da yaƙin Sabiyawa da Turkawan Usmaniyya, ya yi zancen yiwuwar sabon yaƙi. A Janairu 1990 wakilan Sulobeniya suka fice daga babban taron jam'iyya, jam'iyyar ta mutu. A shekarar aka yi zaɓe a kowace jamhuriya daban-daban, ba a taɓa yin na tarayya gaba ɗaya ba, don haka kowane shugaba ƙabilarsa ce ta ɗora shi. Franjo Tudjman ya ci a Kuroshiya, sabon tsarin mulkinsa ya mai da Sabiyawa, da suke kashi 12 cikin 100 na jama'ar wurin, 'yan tsiraru kawai. Gidan talabijin na Belgired ya wuni yana tuna musu Jasenovac. Wannan duk aikin 'yan gida ne.

Magana mai harshen damo, da amincewa

Ranar 21 ga Yuni 1991 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya je Belgired. Ya ce Amurka ba za ta amince da wanda ya ɓalle da gaban kansa ba, ya kuma ce ba ta yarda a yi amfani da ƙarfi ba. Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Janar-janar suka ji cewa Amurka na son ƙasa ɗaya, masu ɓallewa suka ji cewa ba za a bari a murƙushe su ba. Kwana huɗu bayan haka, 25 ga Yuni, Sulobeniya da Kuroshiya suka ayyana 'yanci. Yaƙin Sulobeniya kwana goma ya yi, saboda babu Sabiyawa da yawa a cikinta. Na Kuroshiya ya yi muni, garin Vukovar ya zama kufai kafin ya faɗi ranar 18 ga Nuwamba.

Ka riƙe wannan rana, domin masu cewa Jamus ce ta kunna wutar sukan tsallake ta. Jamus, ƙarƙashin Helmut Kohl da ministansa Genscher, ta amince da Sulobeniya da Kuroshiya ne ranar 23 ga Disamba 1991, Fadar Paparoma ta bi a 13 ga Janairu, sauran ƙasashen ƙungiyar Turai suka bi a 15 ga Janairu 1992. Vukovar ta riga ta ƙone. Saboda haka amincewar ba ita ta haifi yaƙin Kuroshiya ba. Ɓarnarta a Bosniya ta sauka. Lord Carrington, mai shiga tsakani, yana riƙe da amincewa a matsayin ladan da ba za a ba kowa ba sai an daidaita a kan haƙƙin tsirarun ƙabilu ko'ina. Shi da babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Perez de Cuellar sun yi gargaɗi a rubuce cewa gaggawa za ta kai wutar Bosniya. Da aka raba ladan tun ba a gama aiki ba, sai ya rasa abin da zai ja kowa da shi zuwa tebur.

Bosniya ta shiga tsaka mai wuya. Ƙidayar 1991 ta nuna Musulmi kusan kashi 44, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, a cakuɗe ƙauye da ƙauye. In ta zauna, ta zauna a ƙarƙashin Milosevic ba tare da Kuroshiya da Sulobeniya ba. In ta fita, Sabiyawanta sun ce yaƙi. Turai ta ce a yi ƙuri'ar raba gardama. Aka yi a ƙarshen Fabrairu zuwa 1 ga Maris 1992, Sabiyawa suka ƙaurace. A watan Maris ɗin shugabannin ɓangarori uku suka amince da wani daftari da Cutileiro ɗan Fotugal ya kawo na raba ƙasar yanki-yanki bisa ƙabila, sai shugaban Bosniya Alija Izetbegovic, wanda Musulmi ne, ya janye kafin wata ya ƙare. Wasu sun ce jakadan Amurka Warren Zimmermann ne ya ƙarfafa masa gwiwa, shi jakadan ya musanta. Daftarin ba na adalci ba ne, kuma jagoran Sabiyawan Bosniya Radovan Karadzic ya riga ya raba wa mutanensa makamai, ban ɗora wa Izetbegovic laifin abin da ya biyo baya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda suka amince da ƙasarsa ranakun 6 da 7 ga Afrilu, wato Turai da Amurka, sun ba shi tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba su ba shi abin da zai kare ransa ba.

Ba su ma bar shi ya saya ba. Tun 25 ga Satumba 1991 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 713, ya hana sayar wa kowa makami a duk faɗin Yugoslabiya. A kan takarda adalci ne. A ƙasa kuwa, rundunar tarayya tana cikin manyan rundunonin Turai, kuma da za ta fice daga Bosniya a Mayu 1992 ta bar wa Sabiyawan wurin tankoki da igwa da hafsoshi irin Ratko Mladic. An hana kowa zuwa kasuwa, alhali ɗaya rumbunsa cike yake, ɗaya ko gora ba shi da ita. Haka Sarayebo ta zauna a kewaye kusan shekara huɗu.

Sai Srebrenica. A Afrilu 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana garin a matsayin tudun mun tsira, jama'a suka taru a can bisa wannan alkawari. A Yuli 1995 sojojin Mladic suka shiga, bataliyar Holan da ke gadi ba ta tare su ba, aka ware maza da samari Musulmi kimanin 8,000 aka kashe cikin 'yan kwanaki. Kotun Duniya ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne, Karadzic da Mladic kuma an yanke musu ɗaurin rai da rai. Duk shekara in na zo nan a darasi sai na ɗan dakata kafin in iya ci gaba. Baƙo bai ja kunamar bindiga ba, amma shi ya ce musu su zo nan za su tsira.

Ƙarshen yaƙin ma daga waje ya zo. Daga 1994 makaman Iran suka riƙa shiga Bosniya ta Kuroshiya, Amurka ta kau da kai. Amurka ta sasanta Musulmi da Kuroshiyawa a Maris 1994, bayan sun shekara suna yaƙar juna har aka rusa tsohuwar gadar Mostar. A Agusta 1995 Kuroshiya ta ƙwace yankin Krajina, wanda Sabiyawan cikinta ke riƙe da shi, cikin kwanaki, Sabiyawa wajen 200,000 suka yi gudun hijira. NATO ta yi ruwan bama-bamai daga 30 ga Agusta. A Nuwamba aka kulle shugabannin uku, Milosevic da Tudjman da Izetbegovic, a sansanin soja na Dayton a Amurka har suka sa hannu: kashi 51 ga tarayyar Musulmi da Kuroshiyawa, 49 ga Sabiyawa. Mutum kimanin 100,000 sun mutu kafin a kai nan. Har gobe akwai wani babban wakili, baƙo, da ke da ikon tsige zaɓaɓɓen jami'i a Bosniya. A 1999 NATO ta yi kwana 78 tana kai wa Sabiya hari kan Kosobo ba da izinin Kwamitin Sulhu ba, Kosobo ta ayyana 'yanci a 2008, Rasha kuma ta riƙa kafa hujja da wannan a wuraren da ita ma take son yanka.

Namu yaƙin

Ba sai mun je Turai ba, Malam. Abin da yawancin matasanmu ba su sani ba shi ne, bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1966, mu 'yan Arewa ne ke kiran araba. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu, Ironsi ya soke tsarin yankuna da doka ta 34 a watan Mayu, sojojin Arewa suka rama, da yawansu niyyarsu su kwashe iyalansu su dawo gida. Cikin waɗanda suka matsa a fasa har da jakadan Birtaniya Cumming-Bruce da na Amurka Elbert Mathews, tare da manyan ma'aikatan gwamnati a Legas. Suka nuna cewa Arewar da ta ɓalle ba ta da teku kuma ba za ta sami taimako ba. A wannan karon baƙo hana rabuwa ya yi, don amfanin kansa. Kuma dole mu faɗi namu: kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa a Mayu da Satumba zuwa Oktoba na shekarar, dubbai suka mutu, ba Bature ya yi ba. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, shi ne gwamnan Arewa a lokacin, yana cikin waɗanda suka zauna a Aburi ta Ghana a Janairu 1967, inda aka tashi kowa da fassararsa.

Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30, aka fara harbi 6 ga Yuli. Birtaniya ta Harold Wilson ta ba tarayya makamai, ga kamfanin Shell-BP da mafi yawan rijiyoyin mai a yankin da ake faɗa a kai. Sobiyet ta kawo jiragen MiG, matuƙa daga Masar suka tuƙa. Enugu ta faɗi a Oktoba 1967, Fatakwal a Mayu 1968, Aba da Owerri a Satumba. A lissafin soja yaƙin ya kusa ƙarewa.

Nan Faransa ta shigo. Shugabanta De Gaulle ba ya son ƙatuwar ƙasa mai Turancin Ingilishi a tsakiyar tsoffin yankunansa, kuma bai manta Najeriya ta kori jakadansa a 1961 kan gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara ba. Ranar 31 ga Yuli 1968 gwamnatinsa ta fito ta goyi bayan 'yancin Biyafara na zaɓar makomarta. Jacques Foccart, mai ba shi shawara kan harkokin Afirka, ya tsara kai makamai ta Gabon da Kwaddibuwa, suna sauka da dare a filin Uli, wanda asalinsa titin mota ne. Fotugal ta buɗe Lisbon da tsibirin Sao Tome. Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti suka amince da Biyafara. Faransa kanta ba ta taɓa amincewa ba. Ta ba da abin da zai hana faɗuwa, ba ta ba da abin da zai kawo nasara ba. A Satumba 1968 manyan Biyafara da suka je Paris, ciki har da Azikiwe da Kenneth Dike, sun gane haka, suka ba Ojukwu shawarar a nemi sulhu. Ya ƙi. 'Yar takardar nan ta aji tana aljihunsa. Legas ita ma ba ta ga dalilin sassauci ba tunda Landan da Mosko na bayanta, ta ci gaba da toshe hanyoyi. Yaƙin ya ƙara wata 16, sai 15 ga Janairu 1970, kuma yunwa ta ci gaba da cin yara a tsawon wannan lokaci. Adadin da aka fi ambata na mamata miliyan ɗaya ne ko fiye.

Shekarun baya na zagaya da ɗalibaina muna naɗar hirar tsoffin sojojin basasa a ƙauyukan Katsina da Daura. Wani dattijo ya gaya mana cewa abin da ya fi karya musu gwiwa ba harbi ba ne, ƙugin jirage ne da dare suna wucewa ta kansu, domin sun san gobe abokan gaba za su wayi gari da sabbin harsasai. Ya kuma ce da suka shiga ƙauyuka suka ga yaran, wasu daga cikinsu sun kasa cin abinci. Bai san sunan Foccart ba, amma ya san aikinsa fiye da ni.

Maƙwabci ya fi na nesa

In ka jera yaƙe-yaƙen ɓallewa za ka ga wanda ke da iyaka da kai ya fi mai jirgi tasiri. Sabiyawan Bosniya suna da Sabiya a ƙetaren kogin Drina. Gabashin Pakistan tana da Indiya, wadda ta karɓi 'yan gudun hijira kusan miliyan 10, ta shiga yaƙi ranar 3 ga Disamba 1971, ranar 16 aka gama, Bangladesh ta tsaya. 'Yan tawayen kudancin Sudan sun jingina da Habasha ta Mengistu, daga baya Uganda, har suka sami ƙasa a 9 ga Yuli 2011, suka faɗa yaƙin junansu a Disamba 2013. Biyafara ba ta sami irin wannan ƙofar baya ba. Ahmadu Ahidjo na Kamaru ya rufe tasa, Diori Hamani na Nijar ya tsaya da Najeriya, duk da cewa su biyun na hannun Faransa ne. Suna cikin kwamitin da ƙungiyar haɗin kan Afirka ta kafa a Kinshasa a 1967 ƙarƙashin Haile Selassie, kuma a Yamai aka yi zaman share fagen sulhu a Yuli 1968. Ku da ke Daura, Kongolam na bakin ƙofarku, ya kamata ku san wannan alheri na Nijar. Shi ya sa hankalina ya tashi a 2023 da aka rufe iyaka ana zancen kai mata yaƙi bayan juyin mulkin Yuli. Maraɗi da Damagaram garkuwa ce a gare mu da kuɗi ba ya saye.

To, mu ji tsoro?

Zancen da ake yawo da shi cewa Amurka ta ce Najeriya za ta wargaje a 2015 ya samo asali ne daga rahoton wani taron masana da majalisar nazarin bayanan sirrinta ta shirya a 2005, inda aka lissafa rushewar Najeriya cikin munanan abubuwan da ka iya faruwa. Hasashe ne, ba jadawalin aiki ba. Amma kada ka raina hasashe, domin a Oktoba 1990 hukumomin leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa Yugoslabiya za ta watse ba da jimawa ba, haka kuwa aka yi. Sun gani ne, kamar yadda mai hankali kan ga hadari.

Ni malamin tarihi ne, ba jami'in tsaro ba, tarihi kuma ba duba ba ne. Masana ma har yanzu suna jayayya a kan nauyin da za a ɗora wa Jamus da IMF, abin da na ba ka fahimtata ce. Amma akwai bambanci da nake iya nunawa. Kowace jamhuriya a Yugoslabiya tana da iyaka da majalisa da 'yan sanda da rundunar tsaron gida tata, tsarin mulkin 1974 ma ya ambaci haƙƙin ɓallewa a gabatarwarsa. Ƙasashe ne shiryayyu suna jiran tuta, baƙo amincewa kawai zai yi. Mu yankuna huɗu sun zama jihohi 36, ba jihar da za ta iya tsayuwa ta ce ita ce ƙabila kaza gaba ɗaya, kuma rundunar soja ɗaya ce. Wannan ya sa raba mu da tsabta ke da wuya, ya kuma sa in aka gwada abin zai fi kama da Bosniya, domin ba babban garin da babu Sabon Gari ko Sabo a cikinsa.

Abin da ke hana ni barci ba jakadan wata ƙasa ba ne. Bashi ne da ke cinye kuɗin shiga, da ɗan siyasar da ya gano abin da Milosevic ya gano a 1987, da ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya inda manomi ya shekara yana biyan ɗan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Makaman da suka fantsama bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun nuna cewa ba sai an nufe ka ba ɓarnar baƙo ke iso ka. Idan kuma ka ji wani jagora, na kudu ko na arewa, ya daina magana da 'yan ƙasarsa ya koma aika wasiƙu Washinton da Landan, ka sa masa ido, alama ce yana neman mai raɗa masa a kunne.

Ka gwada wasan nan da 'yan ajinka na ƙarshe, mintuna 40 sun isa. A zagaye na uku ka ba gida biyu takardar a ɓoye, kowa bai san an ba ɗan'uwansa ba, kamar yadda aka yi wa Legas da Umuahia, hedkwatar Biyafara, a 1968. In an tashi ka sa su buɗe takardun a gaban juna, sannan ka tambayi gida na uku, waɗanda ba a ba komai ba, nawa suka tashi da shi. Ka rubuto mini abin da suka ce.